Gidan Gonar Sarki na Fanisau da Darasin da Ke Cikinsa

Idan aka ce tarihi, yawancinmu 'yan makaranta sai hankalinmu ya tafi ga yaƙe-yaƙe da sunayen sarakuna da shekarun da za mu haddace don jarrabawa. Alhali kuwa akwai wani tarihin da ya fi kusa da mu, watau na gidan da aka haifi mutum da gonar da ta ciyar da shi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka na ga ya kyautu a wannan fitowa ta mujallarmu mu ɗauki wani tsohon gidan gona guda ɗaya, mu bi labarinsa da na mutanen da suka zauna kewaye da shi, sa'an nan mu duba abin da zai koya mana game da namu gidajen.

Gidan da na zaɓa shi ne na Sarkin Kano da ke Fanisau. Na zaɓe shi ne domin yana cikin 'yan gidajen gona kaɗan na ƙasar Hausa da aka rubuta labarinsu. Har wa yau ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram a cikin masarautar Kano take a zamanin da za mu yi magana a kansa, tun ba a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ba. Ashe ke nan labarin ya shafe mu.

Mene Ne Gandu?

Kafin mu shiga Fanisau, sai mu fara sanin kalmar gandu, don ita ce mabuɗin maganar duka. Kalmar tana da ma'ana biyu, kuma dukansu 'yan uwan juna ne.

Ta farko ita ce wadda iyayenmu suka sani. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna zaune gida ɗaya, suna noma babbar gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Ana fita aikin gandu da safe a tashi wajen azahar. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, watau 'yar gonar da maigida ya yanka masa, abin da ya samu a cikinta kuwa nasa ne. Shi kuma maigida a wuyansa ciyarwa take, da biyan haraji, da kayan aiki, da yi wa samarin gidan auren fari.

Ta biyu kuwa ita ce babbar gonar sarki ko ta hakimi ko ta attajiri, wadda a zamanin da bayi ne ke noma ta. A wasu wurare, musamman ƙasar Zazzau, ana kiran ƙauyen da irin waɗannan bayi ke zaune rinji. Gandun Fanisau irin wannan na biyu ne.

Asalin Fanisau

Fanisau gari ne mai duwatsu, yana arewa da birnin Kano ba nisa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yau. Tsohon wuri ne ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya ambace shi tun a labarin Barbushe na Dala, inda ya ce ɗaya daga cikin manyan mutanen wannan zamani, mai suna Gambarjado, a Fanisau yake zaune. Ke nan tun kafin Musulunci ya kafu a Kano akwai masu noma a gindin waɗannan duwatsu.

Amma abin da ya ɗaga sunan garin ya faru ne bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Ibrahim Dabo. Ba kowa ne ya yi masa mubaya'a ba. Wanda ya fi ba shi wahala shi ne Ɗan Tunku, wani shugaban Fulani na wajen Dambatta, wanda ya riƙa kawo hari daga arewa. Shi ne kuwa daga baya ya kafa masarautar Kazaure.

Don ya tare wannan hanya ta arewa, sai Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma, su tsare ƙasa su kuma ciyar da kansu. Wannan dabara Muhammadu Bello ne ya ƙarfafa ta, shi kansa ma ya zauna a ribaɗinsa na Wurno ta Sakkwato, takwarar garinmu Wurno ta Birnin Kudu, can kuma ya rasu a 1837. To, a Fanisau Dabo ya gina gida da masallaci, ya riƙa zama can yana shirya yaƙi.

Muna da shaidar baƙon da ya gani da idonsa. A watan Janairu na 1824 wani Bature matafiyi mai suna Kilafaton, mutumin Sikotilan, ya iso Kano ta hanyar Barno. Bai sami Sarki a birni ba, sai da aka kai shi Fanisau, inda Sarki ya yi sansani saboda yaƙin Ɗan Tunku. Can suka gana, kafin ya wuce Sakkwato. Ya rubuta wannan a littafin tafiyarsa, shi ya sa yau muka san tabbas gidan ya kai shekara 200.

Daga Sansani Zuwa Gona

Mayaƙi ba ya yaƙi da yunwa, doki kuma ba ya sukuwa sai ya ci dawa. Saboda haka duk inda aka kafa ribaɗi, dole gona ta biyo baya. Da ƙurar yaƙin Ɗan Tunku ta lafa, sai noman Fanisau ya yi ta bunƙasa, har ya zama ɗaya daga cikin manyan gandayen Sarkin Kano, kamar su Ɗorayi da Nasarawa da Takai. Wasu masu sarauta da attajiran birni su ma suka sami filaye a kewayen suka kafa nasu.

Abin da aka fi nomawa shi ne dawa da gero. Da kaka a yi girbi, a ɗaure dammuna, a cika rumbuna. Daga waɗannan rumbuna ake ɗibar abin da za a ciyar da gidan Sarki na birni mai ɗimbin jama'a, da dawakin barga, da baƙi, da rundunar da za ta fita yaƙi. Manyan bayin Sarki masu sarauta, irin su Shamaki da Ɗan Rimi, su ne ke kula da gandayen Sarki daga birni. A kowane gandu kuma akwai wakili mai raba aiki, mai duba wanda ya zo da wanda bai zo ba.

In mutum ya lura, zai ga gidan Sarkin ne ya tara garin. Don gidan aka yi ganuwa, don ganuwa mutane suka sami natsuwar zama. Inda manoma suka taru kuwa sai maƙeri ya zo don fartanya da garma, sai masaƙi da marini, sai mahauci, sai malami da almajiransa. Haka ƙauye ke tsirowa a jikin babban gida kamar yadda kabewa ke yaɗo a jikin danga.

Waɗanda Suka Riƙe Fartanya

A nan ne labarin ya yi nauyi, kuma bai kamata mu tsallake shi don yana da ɗaci ba. Yawancin waɗanda suka noma gandun Fanisau a ƙarni na 19 bayi ne. Wasu an kamo su a yaƙi, wasu an sayo su a kasuwa. An raba su da iyayensu da garuruwansu, wasu ma da harshensu, aka kawo su inda ba su san kowa ba.

Tsarin aikinsu ya yi kama da na gandun iyali ta fuska ɗaya. Suna yin aikin ubangijinsu da safe, sa'an nan su juya ga gayaunarsu. Wasu kan yi sana'a da rani. Akwai wanda kan daidaita da ubangijinsa ya bar shi ya nema wa kansa, shi kuwa yana biyan wani abu a kai a kai, wannan shi ake kira murgu. Wanda ya tara abin da ya isa yana iya fansar kansa. 'Ya'yan da aka haifa cikin bauta ana kiransu cucanawa, sun tashi da Hausa da Musulunci, ba su san wani gari ba sai wannan.

Amma kada kamannin tsarin ya ruɗe mu. Ɗan gida in ya gaji da gandun ubansa yana iya neman a raba, in uban ya rasu kuma yana da gado. Bawa ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Ana iya dukansa, ana iya sayar da shi, kuma ba shi da ikon tashi ya koma inda ya fito. Shi ya sa wasunsu suka riƙa gudu in sun sami hanya. Duk wanda ya yaba girman gidan da cikar rumbunansa, lalle ne ya tuna da hannun da ya kwaɓa ƙasar ginin da bayan da ya sunkuya a kunya tun hantsi.

Mu mutanen kudu wannan magana ba baƙuwarmu ba ce. Wajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukumar Kano, suka shiga duwatsun Ningi. Tun daga nan har zuwan Turawa, Ningawa da Kanawa suka yi ta kai wa juna hari, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram kuwa tana tsakiya. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fama da su. Kowane ɓangare yana kama mutanen ɗayan. Ke nan a wannan zamani manomi na iya fita gona da safe yana ɗa, ya kwana yana bawa a wata ƙasa. Wanda ya gane haka ba zai yi wa kowa gorin asali ba, don abin ƙaddara ce da ƙarfin takobi, ba halin mutum ba.

Zuwan Turawa da Gyaɗa

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Turawa suka ci Kano. Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato, aka naɗa Abbas a madadinsa. Turawa sun hana kamu da cinikin bayi, kuma dokarsu ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Amma ba su 'yanta waɗanda ke cikin bauta gaba ɗaya ba, don suna tsoron noma ya tsaya, sarakunan da suke mulki ta hannunsu kuma su ɓata. Sai suka bar kowa ya fanshi kansa ta hanyar kotun alƙali. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936.

Ana cikin haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun so a noma auduga don masaƙun ƙasarsu, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ciniki ya ƙi ana iya cinta. Daga kakar 1912 gyaɗa ta mamaye kasuwa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har aka kai ga dalar gyaɗa da muke gani a hotuna. Gonakin Fanisau suna kusa da tashar jirgi, masu bincike kuma sun nuna cewa bayi da 'ya'yansu suna cikin waɗanda suka noma gyaɗar farkon nan.

Sannu a hankali sai zaman ya sake. Wasu suka fanshi kansu da kuɗin gyaɗar gayaunarsu. Wasu suka tashi, wasu suka zauna suka zama manoman kansu, suka yi auratayya da sauran jama'a. Ita ma gyaɗar zamaninta ya wuce, don farin 1973 da cutar da ta faɗa mata a 1975 sun karya ta, ga kuma kuɗin man fetur da ya janye hankalin hukuma da na samari daga gona. Yau birnin Kano ya yi ta faɗaɗa har ya doshi Fanisau, filaye da yawa da aka noma da sun zama unguwanni.

Gidan Sarkin kuwa bai rasa amfani ba. Bisa al'ada, a ƙarshen hawan Babbar Salla Sarkin Kano kan hau zuwa Fanisau ya yini can, da yamma ya komo birni, shi ne ake kira Hawan Fanisau. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Sai dai cikin dubban masu kallon dawaki da alkyabba, mutum nawa ne suka san wanda ya noma dawar da kakannin dawakin nan suka ci?

Yadda Labarin Ya Tsira

Wannan tambaya ita ta kawo mu ga zuciyar darasin. Yaya aka yi muka san abin da na faɗa game da mutanen gandu, alhali su ba su bar rubutu ba?

A ƙasar Ingila, mai son tarihin tsohon gidan gona yana da sauƙi. Tun 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka zaga ƙasar aka rubuta filaye da masu su da dabbobinsu, littafin yana nan har yau. Coci-cocinsu na ƙauye sun daɗe suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Gidajen da yawa na dutse ne ko jan bulo, kuma akwai dokar da ta hana a rushe tsohon gini mai tarihi ba da izni ba.

Namu gidajen na ƙasa ne. Da tubali ake ɗora bango, a yi rufi da azarar giginya, a shafe da makuba ko laso don ruwa. Gini ne mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu, amma yana son yaɓe kowace shekara. In aka yi damina uku ba a taɓa shi ba, sai indararo ya toshe, rufi ya jiƙe, azara ta karye. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa na Birnin Kudu ya daɗe ƙwarai don a dutse yake, soro kuwa ba ya jira. Littafinmu na haihuwa da mutuwa kuma yana cikin kan tsofaffi ne.

To, a 1975 wani ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello mai suna Yusufu Yunusa ya ɗauki rakoda ya shiga Fanisau da wasu wurare na Kano, ya zauna da dattawa, ya yi musu tambayoyi game da gandu da bauta, ya naɗi muryarsu. Wasunsu sun ga zamanin da idonsu, wasu daga bakin iyayensu suka ji. Da ya yi jinkirin shekara 20, da ya tarar da kaburbura. Waɗannan kaset-kaset suna cikin abin da masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya dogara da shi ya rubuta littafi sukutum a kan gandun Fanisau, wanda ya fito a 2011. Ku duba fa, ɗalibi ne kamarmu, ya ɗan girme mu kawai.

Aikin da Ke Gabanmu

A Wurno da ƙauyukan kewaye, kusan kowace unguwa tana da babban gidan da ake cewa daga nan aka watsu. Ba gidan sarki ba ne, ba kuma wani Bature da ya sauka a cikinsa. Amma zaurensa ya ga ɗaurin aure da raɗin suna da rabon gado na zuriya huɗu ko biyar. Irin waɗannan gidaje suna ƙarewa. Gandun iyali yana watsewa saboda gona ta yi kaɗan ga magada, samari sun tafi cin rani ko aikin birni, kowa kuma yana son tukunyarsa. Wanda ya sami kuɗi sai ya rushe soron kakansa ya sa bulo da kwano. Ba laifi ba ne mutum ya gyara muhallinsa. Abin baƙin ciki shi ne a rushe ba wanda ya tambayi wa ya gina.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana shawara, hutun nan mai zuwa kowa ya ware littafin rubutu ɗaya, ko ya ari waya mai naɗar murya, ya sami dattijo ko tsohuwar gidansu bayan sallar la'asar, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su kamar haka:

1. Wa ya fara kafa gidan nan, daga ina ya zo, me ya taso shi?
2. Zamanin wane sarki ko hakimi ne, ko wace yunwa ko fara aka yi kusa da lokacin? Ta haka malamin tarihi zai taimaka a gano shekarar.
3. Ina gonakin gandu suke, me ake shukawa, rumbu nawa ake cikawa?
4. Su wa suka yi aikin, maza da mata, 'yan gida da barori da baƙi?
5. Yaushe aka raba gandun, me ya kawo rabuwar?

Sa'an nan a zana taswirar gidan, a nuna zaure da shigifa da turaka da ɗakunan mata da rijiya da wurin rumbuna da turken dabbobi. Kada a manta da tsofaffin mata, don su ne suka san wace aka auro daga wane gari, su ne kuma suka riƙe labarin shekarun yunwa, tun da su suka auna hatsin.

Wani gargaɗi guda. In ka ji abin da ya shafi asalin wani, amana ce aka ba ka. Ba a tono tarihi don a ci mutuncin maƙwabci ko a hana wani aure. Manufa ita ce a ba kowa haƙƙinsa na ambato, mai gida da wanda ya yi masa noma.

Ga iyayenmu kuma ina roƙo. In yaro ya zo da tambaya, a daure a ba shi amsa, kada a ce masa yaro bai san wuta ba. Kun biya mana kuɗin littafi mun koyi tarihin ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, saura ku ba mu na gidan da za mu gada. In kowane ɗalibi ya kawo shafi biyar bayan hutu, ƙungiyar tarihi ta makaranta za ta iya haɗa su a ajiye a laburare, wanda zai zo bayanmu ya tarar.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Amin.

Daga wani ɗan Wurno, aji biyar